Kunnuwa Biyu a Kan Nilu

Muna sallame asuba a Maiwurno
Barmo ya kwance kwalekwale.
Ya ce, "Tasalla, zauna tsakiya,
ruwa ba ya son mai rawar kai."
Na zauna kan ragar da ke ƙarnin kifin jiya,
ƙunshin kisra da dabino a cinyata,
waya a hannu.
Ya dubi wayar, ya gyara hula, bai tanka ba.

Kogi a wannan wata ya rame,
ya janye zanensa ya bar yashi a fili,
masu lambu sun bi sawunsa da albasa da kankana.
Filafili na nutsewa yana fitowa,
ba ka jin komai sai ɗigon da ke komawa gida.
Zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya
kamar mai bin bashi a bakin zaure.
Kirinjijiya suka tashi da fito,
suka ɗebi ja-jan gabas a fukafukansu.

Na hango gungume a tudun yashi.
"Baba, ga itacen girki."
Ya ce, "Sauka ki ɗauko."
Sai gungumen ya buɗe baki.
Haƙora reras, dasashi rawaya,
wani ɗan tsuntsu na kai-kawo a gefensa ko a jikinsa.
Kada ya sulale, ruwa ya haɗe bakinsa a kansa.
Da na dawo hayyacina
wayata na kwance cikin ruwan gindin jirgi,
fuskarta baƙi ƙirin.

Da hantsi muka ɗaure a saiwar bagaruwa,
muka taka.
Goruba, aduwa, goruba,
ƙaya na kama lafayata tana tambayar ina zuwa.
Barmo ya nuna min rubutun ƙasa da sandarsa:
nan guza ya ja wutsiya,
nan zabi suka yi wankan ƙura,
nan gada ta tsaya, ta yi tunani, ta fasa shan ruwa.
Na je makaranta har Madani
ban iya karanta layi ɗaya ba.

A inuwar tsamiya na kwance ƙunshi.
Juyawar da zan yi in miƙa masa gora,
gwaggon biri ya diro, ya sure kisra duka,
ya hau reshe yana ɓarewa falle-falle
yana kallona kamar ni ce baƙuwa.
Ni ce kuwa.
Dabino bakwai muka raba, ya ba ni huɗu.

A hanyar dawowa ya saki filafili, ruwa ya ɗauke mu.
Ya ce kakarsa da ƙafa ta taso daga Haɗeja,
shekara bakwai tana nufin Makka.
A wannan gaɓa ta ji kukan dorina da dare,
ta ce muryar gida ce,
ta sauke kaya, ba ta sake ɗauka ba.
"Yanzu fa, Baba?"
"Rabona da ganin dorina tun ba a haife ki ba."

Magariba ta zuba manja a kan ruwa.
Sauro ya fara kiɗa.
Can inda kogi ya yi gwiwa
wani abu ya fesar da numfashi, fuu,
kunnuwa biyu suka ɓullo, ƙanana,
suka kaɗa sau ɗaya,
suka nutse.
Zoben ruwa ya taho a hankali ya taɓa jirginmu.

Na juya in tambaya.
Tsoho na goge ido da hannun riga,
leɓɓansa na motsi.

A gida aka ce in nuna hoto.
Na tura wayar cikin buhun shinkafa.
Barmo ya ce wa yara tulu ne ruwa ya kwaso,
ya wuce masallaci.
Washegari tun da duhu
na ji yana kwance igiya shi kaɗai.